A daina biyan kuɗin ciko sai diron ya tashi ya auna

Assalamu alaikum Malam Edita,

Da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira ya kuma yi jagora. Don Allah ina roƙon ɗan fili a jaridar nan tamu in amayar da wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma magana ce ta sana'ata ba jita-jita ba, ni safiyo ne, awon ƙasa nake yi a wuraren manyan ayyuka, titi ne ko rukunin gidaje ko madatsar ruwa. Maganar ita ce ta ƙananan jiragen nan marasa matuƙi da muke ce wa diron, waɗanda yawancin mutanenmu ba su san su ba sai a wajen biki ana ɗaukar amarya da ango daga sama, alhali wallahi wannan na'urar za ta iya tsare wa talakan ƙasar nan biliyoyin nairori in da za a sa ta inda ya kamata.

Kaga duk lokacin da aka zo maganar kuɗin kwangilar titi hankalin jama'a kan kwalta yake tafiya, saboda ita ido yake gani, ta yi baƙi ta yi sheƙi sai a ce aiki ya yi kyau. Amma duk wanda ya taɓa shan rana a wurin aiki ya san kaso mai tsoka na kuɗin yana ƙarƙashin kwaltar ne, a aikin ƙasa, wato yanke tudu, cike kwari, kwashe baƙar ƙasa mara ƙarfi a zubar, a ɗebo jar ƙasa daga rami mai nisa tifa-tifa a zuba, gireda ta baje rola ta danne, a sake zubawa a sake dannewa har titi ya kai tsayin da injiniya ya zana. Shi wannan aikin da mita kubik ake biyansa, ko nawa ka yanka ko nawa ka cike haka za a lissafa a rubuta maka satifiket a biya ka. Toh matsalar ita ce da zarar an zuba an rufe shikenan, babu mai iya zuwa bayan shekara biyu ya ce bari in ga asalin yadda ƙasar take kafin katafila ta shiga, ƙasar farko ta tafi, sai dai abin da aka rubuta a takarda, kuma takardar nan mutum biyu ko uku ne suka sa mata hannu.

Yadda muka saba yi tun da, kuma har gobe haka ake yi a wurare da yawa, shi ne mu kafa na'urar awo a kan ƙafafunta uku, ko lebur ko totol steshan, yaro ya riƙe sanda yana tafiya, duk bayan mita 20 ko 25 mu ɗauki layi guda daga wannan gefen titi zuwa wancan, ɗigo kaɗan a kowane layi, abin da ke tsakanin layi da layi kuma sai dai a ƙiyasta a ce ai ƙasar haka ta tafi sumul. In akwai rami a tsakani ko ɗan tudu ba mu gan shi ba. Kuma aiki ne mai cin lokaci, ga rana ga ƙura ga tifofi suna wucewa ta bayanka direba bai ma san kana wajen ba, ga shi kafin ka gama auna wani yanki wanda ka fara aunawa ya riga ya canza saboda an ci gaba da zuba ƙasa. Ba wai awon ba daidai ba ne, a'a, kowane ɗigo da safiyo na ƙwarai ya ɗauka daidai ne har ma ya fi na diron daidai, amma ɗigon ne ya yi kaɗan, kuma littafin awon yana hannun mutum ɗaya, in ya ji tsoron Allah alhamdu lillahi, in kuma aka matsa masa ko aka lallashe shi ya ƙara santimita kaɗan a kowane layi babu mai ganewa.

Kada wani ya raina santimita. Ɗauki titi mai faɗin mita 20, tsawon kilomita 1, a ce an rubuta ciko ya fi gaskiya da santimita 10 kacal, wato bai kai tsawon tafin hannunka ba, lissafin ya ba ka mita kubik 2,000 na ƙasar da ba a zuba ba amma aka biya, in tifarka mai ɗaukar mita kubik 10 ce sawu 200 kenan. A kilomita ɗaya fa. Yanzu ka ninka shi sau 100 ko sau 300. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ya san kima, gaskiya ne, amma a nan wajen ido ba ya ganin komai, minista ko gwamna zai zo duba aiki da jerin gwanon motoci ya tsaya ya kalla ya ce madalla, ba zai taɓa gane santimita 10 ba, ni kaina da nake sana'ar ba zan gane da ido ba.

Toh ga abin da diron yake yi. Kafin ya tashi sai a zana masa iyakar wurin a kan taswira a cikin waya ko rimot ɗinsa, a faɗa masa tsayin da zai tashi, yawanci tsakanin mita 60 zuwa 120, shi da kansa zai tsara hanyarsa yana zuwa yana dawowa layi-layi, kamararsa tana kallon ƙasa tana ɗaukar hoto duk bayan daƙiƙa biyu ko uku, kuma kowane hoto yana hawa kan na bayansa da kamar kashi 70 zuwa 80 cikin 100, ma'ana dutse ɗaya ko fegi ɗaya zai fito a hotuna da yawa kowanne daga kusurwa daban. Sirrin kenan. Ka miƙa yatsanka gabanka ka rufe ido ɗaya ka buɗe ka rufe ɗayan, za ka ga yatsan yana tsalle, da wannan tsallen ƙwaƙwalwarka take gane nisan abu, manhajar kwamfuta ma haka take yi da hotunan, tana nemo abu ɗaya a hotuna daban-daban ta lissafa inda yake da tsayinsa, ta yi haka sau miliyoyi, sai ka ga wurin aikin gaba ɗaya ya fito a sikirin a matsayin tarin ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo da lambarsa ta gabas da arewa da tsayi, kana juya shi kana leƙa ramuka kana auna tsibin yashi ko tsakuwa da ɗan danna linzami. Inda mu da sanda za mu ɗauki ɗigo ɗari biyu shi ya ba ka miliyoyi. Jirgi irin Phantom 4 RTK na kamfanin DJI na ƙasar Sin wanda ya fito a 2018, in ya tashi mita 100 kowane ɗan ɗigon da ke cikin hoton faɗin da yake wakilta a ƙasa bai kai santimita 3 ba, batir ɗaya yana kai shi kusan rabin awa, kuma akwai waɗanda suka fi shi yanzu, akwai masu fiffike irin WingtraOne na Suwizalan da ke tashi tsaye sannan su miƙe kamar jirgin fasinja, su ne suka fi dacewa da dogon titi ko layin dogo. Manhajojin kuma akwai Pix4D akwai Agisoft Metashape akwai DroneDeploy, akwai ma OpenDroneMap wadda kyauta ce kowa zai iya saukewa ya koya. In ka tashi yau ka sake tashi bayan wata guda, sai ka ɗora siffar yau a kan ta wancan watan, kwamfuta ta cire wannan daga wancan, ta faɗa maka ga mita kubik ɗin da aka yanka ga wanda aka cike, har da launi, kala ɗaya inda aka ƙara wata kala inda aka rage. Sannan ka ɗora zanen injiniya a kai ka ga ko kwalbatin nan a inda aka zana ta aka gina ta ko an matsar.

Wasu abokan sana'ata musamman dattawanmu suna jin tsoron abin zai kashe mana kasuwa, ni kuma ina ce musu sam ba haka ba ne, don diron ba tare da safiyo ba hoto ne kawai mai kyau. Kafin jirgi ya tashi dole mu shimfiɗa alamu masu baƙi da fari a wurare daban-daban a filin, mu auna kowacce da GPS ɗin awo na gaske ba na waya ba, da su ake ɗaure siffar a jikin ƙasa, sannan a ware wasu alamun da ba a nuna wa manhajar ba don a gwada ta da su a ga ko ta faɗi gaskiya. In an yi haka da kyau ana samun daidaito na santimita kaɗan, in kuma ba a yi ba tsayin zai iya kaucewa da mita guda ko fiye kuma hoton zai fito tsaf babu alamar matsala. Ga kuma wani abu da yaran da suka koyi tuƙin diron a YouTube ba su sani ba, tsofaffin taswirorinmu da fegunan gwamnati da yawa a kan ma'aunin Minna aka yi su, wato tsohon ma'aunin zana taswira na ƙasar nan, shi kuma GPS da ma'aunin duniya na WGS84 yake aiki, in ba ka juya ɗaya zuwa ɗaya ba sai ka ga filin ya matsa da gomman mitoci, ka sa titi a gonar wani. Shi ya sa dole a ce sakamakon ya fito da sa hannun safiyon da ke da rajista da SURCON, hukumar da ke yi wa safiyoyi rajista, wanda in ya yi ƙarya akwai lasisin da za a ƙwace.

Kuma wannan ba mafarki nake ba, an yi a wasu wurare an ga amfaninsa. A Japan matsalarsu ƙarancin ma'aikata ce, tsofaffi sun yi yawa matasa ba sa shiga aikin gini, sai kamfanin Komatsu mai ƙera katafila ya fara wani tsari a 2015 da ya haɗa diron da motocin aikinsa, jirgi ya auna, a tura wa katafila siffar a kwamfutarta ta san inda za ta yanka da zurfin da za ta tsaya. A 2016 ma'aikatar ayyukansu ta shigo da shirin i-Construction ta sa awo da diron da siffar kwamfuta cikin ƙa'idojin aikin ƙasa na gwamnati, a 2018 kuma aka sanar da cinikin jirage 1,000 da DJI da kamfanin Skycatch na Amurka za su kai wa Komatsu. In wani ya ce ai wannan Japan ce, toh ga Zanzibar nan cikin Afirka, daga 2016 suka fara zana taswirar tsibiransu da ƙananan jirage masu fiffike na eBee da tallafin Bankin Duniya, kuma ɗaliban jami'arsu ne aka koya wa suka riƙa tashin jiragen. Su matsalarsu daban tamu daban, mu ba ƙarancin leburori ke damunmu ba, ƙarancin shaida ne.

Malam Edita dubi ayyukan da ke gabanmu a arewa. Titin Abuja zuwa Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano, kusan kilomita 375, an ba da kwangilarsa a ƙarshen 2017 kan naira biliyan 155, a 2021 aka sake fasalin aikin kuɗin ya koma biliyan 797, a Nuwamban 2024 gwamnati ta soke kwangilar ragowar aikin bayan doguwar jayayya kan farashi. Ni ba na cewa wane ne mai gaskiya, abin da nake cewa shi ne duk tsawon wannan jayayyar ɗan ƙasa da ke bin titin nan kullum ba shi da wani abu a hannunsa da zai duba, ma'aikata ta faɗi nata kamfani ya faɗi nasa mu kuma muna sauraro a rediyo. Ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi kilomita 284 da aka ƙaddamar a Fabrairun 2021, ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, ga na Kaduna zuwa Kano, ga bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano kilomita 614, ga kuma babban titin Sakkwato zuwa Badagry kilomita 1,068 da aka ƙaddamar a Illela cikin Oktoban 2024. Duk waɗannan aikin ƙasa ne mai yawan gaske, kuma da bashi ko da harajinmu ake yin su, 'ya'yanmu ne za su biya.

Manyan kamfanonin gini da yawa tuni suna da nasu jiragen, amma don amfanin kansu suke tashi, don su san abin da ƙananan 'yan kwangilarsu suka yi musu, kuma ba laifi ba ne. Abin da ya rage shi ne mai aikin, wato gwamnati, ita ma ta mallaki nata awon. Shawarata a rubuta a cikin takardar kwangila tun farko cewa duk aikin da ya kai wani adadi na kuɗi sai an tashi diron an ɗauki asalin ƙasar kafin katafila ta taɓa ko ciyawa ɗaya, wannan tashin na farko shi ne uban duka, sannan duk lokacin da ɗan kwangila ya kawo takardar neman biya a sake tashi, ba za a sa hannu a satifiket ba sai adadin da ya nema ya yi daidai da abin da siffar ta nuna ko ya kusa cikin iyakar da aka amince. Kuma wanda zai yi awon kada ya zama ɗan kwangila ne ke biyansa albashi ko ba shi mota da masauki, don wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sannan a ajiye ɗanyen hotunan da lambobin alamun a ofishin Babban Safiyo na Tarayya ko na jiha, ba wai rahoton ƙarshe kawai ba, saboda ko bayan shekara goma wani daban ya iya ɗauka ya sake lissafi da kansa. Inda babu matsalar tsaro kuma a sa taswirar a intanet kowa ya gani, ɗan jarida ya gani, ɗan majalisa ya gani, ICPC da ke bin ayyukan mazaɓu ta gani, matasan da ke bibiyar kasafi irin 'yan Tracka su gani, muna da dokar 'yancin samun bayanai tun 2011 amma me za ka nema in ba a taɓa ajiye komai ba. Wannan kariya ce har ga ɗan kwangila mai gaskiya, na taɓa ganin rigima a wani wurin aiki kan ƙasar da aka cike wani fadama da ita, kamfani ya rantse ya zuba, injiniyan da ke sa ido ya ce bai kai haka ba, kuɗin mutane ya maƙale, direbobin tifa da masu sayar musu da abinci duk suka shiga wahala, kuma babu wanda ya iya raba gardamar saboda ba wanda ya ɗauki asalin zurfin fadaman kafin a fara.

Akwai wani ɓangaren da ya fi taɓa mini zuciya, shi ne diyya. Dokar filaye ta 1978 ba ta biyan manomi kuɗin ƙasar kanta, abin da ke kanta ake biya, amfanin gona, gini, rijiya, da itatuwa masu amfani. Toh in titi ko layin dogo zai ratsa gonar bawan Allah a ƙauye, ma'aikatan ƙidaya za su zo da takarda su ƙirga, wani lokaci yana nan wani lokaci ya tafi ci-rani, bayan katafila ta wuce sai ya zo ya ce ɗorawa biyar gare ni da mangwaro uku da tsamiya, takarda ta ce biyu, ina shaidarsa? Babu. A ɗaya gefen kuma akwai masu wayo da in sun ji hanya za ta biyo sai su tashi ginin dare ɗaya ko a cusa sunayen gonakin da babu su. Hoton diron na kafin aiki yana kashe duka biyun, bishiya tana fitowa ɗaya bayan ɗaya, kan iyakar gona tana fitowa, rumbu yana fitowa, ga kwanan wata a jiki. A buga shi babba a kai ƙofar gidan dagaci a manna, kowa ya zo ya nuna gonarsa da yatsa a gaban maƙwabtansa a rubuta. Gani ya kori ji.

Haka maganar ruwa. Siffar tana nuna inda ruwa zai gangara, kuma titi ko layin dogo da aka ɗaga sama katanga ce ga ruwan damina, in aka sa kwalbati a inda bai dace ba ko aka yi ta ƙarama garin da bai taɓa sanin ambaliya ba sai ya fara kwana cikin ruwa. Ga ramukan da ake ɗebo jar ƙasa a bar su a buɗe su zama kududdufi, kusan duk damina sai mun ji labarin yara sun nutse a irinsu, in suna cikin taswira da girmansu da zurfinsu ba wanda zai tattara kayansa ya tafi ya ce ba shi ya haƙa ba.

Amma kada a ɗauka maganin komai ne, ba na so a je a sayo jirage a yi bikin ƙaddamarwa a ce an gama da cuwa-cuwa. Diron saman abu yake gani. Ba zai faɗa maka ko rola ta danne ƙasar yadda ya kamata ba, ba zai faɗa maka ko jar ƙasar mai kyau ce ko tarkace aka zuba ba, ba ya ganin rodin da ke cikin kankare balle yawan simintin da aka sa, waɗannan sai ɗakin gwaji, sai an huda kwalta an ciro an auna kaurinta. Da damina in ciyawa ta yi tsawo ko dawa ta rufe gona kamara saman ganye take aunawa ta ɗauka ƙasa ce, nan sai an koma ga na'urar hasken leza da ake kira laida wadda haskenta ke ratsa tsakanin ganye ya taɓo ƙasa, ita kuma tsada gare ta. Ruwa ma yana rikita manhajar. Da hunturu ƙura tana dusashe hoto, da bazara zafi yana gajiyar da batir, ga shaho da ke kawo wa jirgin hari, ga hotuna dubbai da ke buƙatar kwamfuta mai ƙarfi da wuta tsayayya na awanni. Duk ana iya shawo kansu amma sai an sa su a lissafi.

Sai abu mafi nauyi, wanda nake roƙon duk mai tashin diron a ƙasar Hausa ya ji da kunnen basira. Mutanenmu na karkara suna da dalilin tsoron abin da ke shawagi a sama. Ba a manta da Tudun Biri ba a ƙaramar hukumar Igabi, daren 3 ga Disamban 2023 ana Mauludi jirgin soja mara matuƙi ya hallaka mutum sama da 80, Allah ya jiƙansu. Manomi ba zai bambance na awo da na yaƙi ba, kuma bai kamata a zarge shi ba. Don haka ba a zuwa gari kawai a buɗe akwati a tashi, sai an je wajen hakimi da dagaci da mai unguwa, an sanar a masallaci, an nuna wa mutane jirgin a ƙasa sun taɓa shi sun ga kamara ce kawai, an faɗa musu rana da lokaci, an kuma sanar da jami'an tsaron yankin. Bayan tsoro akwai mutunci. Gidajenmu tsakar gida a buɗe take ta sama, nan iyali suke aikinsu suke shan iska, banɗaki da yawa ba rufi, katangar da maigida ya gina don ya suturta iyalinsa ba ta tare kamarar da ke sama. Mu ya kamata mu yi tunanin wannan. A tsaya kan layin aiki, in dole sai an bi ta saman gidaje a sanar tun da wuri mata su kimtsa, kuma duk abin da za a sa a intanet a dusashe cikin gidajen mutane, wanda ya yaɗa hoton cikin gidan wani a hukunta shi.

Maganar izini kuma, tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama NCAA ta ce ba mai tashin diron sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, shigo da jirgin ma sai da takardar wannan ofishin. Da halin da muke ciki na tsaro ban ga laifin haka ba ko kaɗan, tunda 'yan ta'adda ma sun fara amfani da su. Roƙona kawai a sauƙaƙa wa wanda aka sani, safiyo mai rajista da ofis da adireshi wanda ke riƙe da takardar aikin gwamnati bai kamata ya riƙa zarya Abuja kamar baƙo ba, a buɗe masa hanya a Kano da Kaduna da Sakkwato da Maiduguri, don in izini ya yi wuya masu bin doka ne suke haƙura, marasa bi kuma suna ta tashi abinsu.

Kuma wannan aiki ne na yaranmu. Muna da sashen koyar da awon ƙasa a ABU Zariya, da Kaduna Polytechnic, da jami'ar fasaha ta Minna, da jami'ar Modibbo Adama a Yola, duk shekara suna yaye matasa masu kaifin ƙwaƙwalwa da yawansu suna zaune ba aiki, wasu har suka gama ba su taɓa riƙe rimot ɗin jirgin awo ba. Kuɗin jirgi guda da GPS ɗinsa da kwamfutarsa bai kai kuɗin jif ɗaya cikin waɗanda ake saya wa masu zuwa duba aiki ba. In kowace ma'aikatar ayyuka ta jiha ta haɗa kai da makarantar da ke kusa da ita, malamai su sa ido ɗalibai su tashi jirgi, jiha ta samu awonta yara su samu sana'a.

Abin da ya sa na rubuto yanzu ban jira ba shi ne titin Sakkwato zuwa Badagry da sauran sababbin ayyukan da gwamnoni ke ta bayarwa, akwai dogayen wurare da har yanzu katafila ba ta shiga ba, nan ne kawai ake da damar ɗaukar asalin ƙasar da gonakin mutane yadda suke. Don Allah Malam Edita ka tura wakilinka ma'aikatar ayyuka ta tarayya da ta jihohin Sakkwato da Kebbi ya tambaye su kai tsaye, shin an ɗauki awon asalin ƙasa kafin a fara, da wace na'ura, wa ya sa hannu, kuma a wane ofishi aka ajiye shi, duk amsar da suka bayar ku buga mana mu karanta.

Na gode, Allah ya bar zumunci.

Naku,
Wani safiyo mai karanta jaridarku,
daga Sabon Garin Zariya.